Hutun Ɗan Birni a Ƙasar Rake

A makarantar da wannan yaro ya yi karatun sakandare cikin garin Kaduna, makon farko na komawa daga hutu mako ne na baje koli. Wannan ya ce an kai su Abuja, wancan ya nuna hotunan da ya ɗauka a Legas a bakin teku, akwai ma wani ɗan attajiri da ya taɓa zuwa Dubai, wanda aka yi zango guda ana jin labarin tafiyarsa har aka gaji. Shi kuwa yaron da ake magana a kansa, duk hutun duniya a kantin mahaifinsa yake yin sa a Kakuri, yana auna sukari da gishiri yana ƙullawa a leda. Saboda haka, da mahaifin ya dawo daga sallar lisha wani dare cikin watan Disamba na 1916 da ɗari, wato 2016 kamar yadda yaron ya rubuta a bangon littafinsa don kada ya manta, ya ce wa uwargida ta haɗa kaya jibi za a tafi gida gaba ɗaya, sai yaron ya kwana yana murna, a zuwan shi ma bana ya sami abin faɗi.

Shekarunsa 15 a lokacin. A Kaduna aka haife shi, a can ya yi wayo. Mahaifinsa mutumin wani ƙauye ne kusa da Makarfi, ya baro gida tun yana saurayi ya kama aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, ya yi shekaru yana gaban injin saƙa har zuwa 2007 da aka rufe wurin, aka sallame su. Da ɗan abin da ya tsira da shi ya buɗe kanti. Sau biyu aka taɓa kai yaron ƙauyen yana ƙarami, kuma babu abin da ya riƙe daga zuwan sai wani talotalo da ya fafare shi har cikin ɗaki. Hausarsa irin ta yaran birni ce, wadda ake wa laƙabi da Ingausa: jimla ta faro da Hausa, ta ratsa ta Turanci, in an yi sa'a ta dawo gida kafin ta ƙare.

Da asuba suka tashi a motar wani aminin mahaifin, shi da iyayensa da ƙannensa mata biyu. Hunturu ya kankama, hazo ya rufe gabas, har suka wuce Kwangila a Zariya rana ba ta nuna fuska sosai ba. Daga nan suka miƙe hanyar Kano, a Tashar Yari suka ratse. Tun kafin su kai nan yaron ya fara ganin dammunan rake a jingine bakin titi, wasu sun fi mutum tsawo, ana loda su a manyan motoci. Mahaifin, wanda ba mai yawan magana ba ne a gida, sai ga bakinsa ya buɗe. Ya ce duk wannan yanki da ƙaramar hukuma ɗaya ce, ta Ikara, tun 1976. A 1991 aka yanke Makarfi daga cikinta, a 1996 kuma aka fitar da Kudan daga Makarfi aka sa hedikwatarta a Hunkuyi. Duka ƙasar Zazzau ce, ta yi kafaɗa da Kano ta wani gefen, da Katsina ta wani. Amma, in ji shi, rabon nan a takarda yake. Auratayya da cin kasuwa da zuwa jana'iza ba su san an raba ba.

Kakarsa ta wajen uba ce ta fara tarbarsu a tsakar gida. Tana ganinsa ta tafa hannu ta ce, “Lale da maigida! Sai yau ka tuna kana da mata? To ina cefanena na shekara goma?” Yaron bai san wasan jika da kaka ba, sai ya tsaya yana laluben aljihu da gaske. Gida ya ɗauki dariya. Nan take ta raɗa masa suna Ɗan Birni, sunan kuwa ya bi shi har ranar da suka bar garin. Gaisuwa ma ta zame masa jarrabawa. A Kaduna “ina kwana” da “lafiya lau” sun wadatar. A nan sai an durƙusa an tambayi gajiya, da sanyi, da iyali, da aiki, da labari, kowace kuma da amsarta, shi ko duk “lafiya” yake ba su, har da wanda ya ce masa “ina labari”.

Allah ya haɗa shi da ɗan baffansa, sa'ansa, wanda ya ɗauke shi ya shiga gari da shi tun ranar farko. Washegari da sassafe suka gangara fadama. Ƙasar baƙa ce mai danshi, ga rake ya yi duhu ya rufe mutum, iska na kaɗa ganyensa yana wata ƙara kamar ana yayyafi. Baffan yana can ciki da adda. Da ya hango yaron na taka inda bai kamata ba, sai ya ɗaga murya ya ce, “Kai Ɗan Birni, sauka daga kan kunyar nan!” Yaron ya yi sororo, don shi kunya ɗaya ya sani, wadda ake ji a gaban surukai. Sai da ɗan'uwansa ya nuna masa tudun ƙasar da aka ja da garma, ya maimaita masa kalmomin biyu a hankali, sannan kunnensa ya kama cewa karin sautinsu ya bambanta. Ɗalibin Hausa yakan haɗu da irin wannan misali a allo cikin darasin karin sauti, ya kwafe a littafi ya wuce. Shi wannan yaro da ƙafarsa ya taka nasa misalin.

A wannan safiya ya koyi abin da ya fi na zango guda. Ya ga cewa rake ba iri ake shukawa ba kamar dawa. Sandarsa ake yankawa gaɓa-gaɓa a binne, daga idon gaɓar sabon tsiro ya fito, kuma sai ya yi kusan shekara a ƙasa kafin a sare. Ya ga farin rake da baƙi. Ya ga wata tsohuwar rijiya a gefen gonar da guntun itace a kafe, aka ce masa nan jigon kakansa yake, da shi yake ɗebo ruwa guga-guga kafin zuwan injin ban ruwa. Baffan ya sare sanda ɗaya, ya fere, ya miƙa masa gindin, ya ce zaƙin rake a ƙasa yake taruwa, mai sayar wa 'yan birni kan sanda ya cuce su ne. Sa'an nan ya nuna wani yanki da hannu, daga wata ɗinya zuwa wani suri, ya ce, “Wannan na babanka ne.” Bai ƙara komai a kai ba, ya sunkuya ya ci gaba da sara.

Abin da ya fi ɗauke hankalin yaron shi ne wurin yin mazarƙwaila, wadda sunan Makarfi ya daɗe da fita a kanta. A bayan gari ake yi, cikin wata rumfa da hayaƙi ya baƙanta. Ana cusa rake tsakanin ƙarafan injin matsa, ruwan ya gangara ta bututu zuwa cikin garwa, tukar kuma ta faɗo ta ɗaya gefen. Ba a zubar da tukar nan; shanya ta ake yi, in ta bushe ita ce makamashi, wato rake da kansa yake dafa kansa. Sai a juye ruwan a wani faffaɗan kasko bisa murhun da aka gina da ƙasa, a yi ta iza wuta, mutum ɗaya na tsaye da doguwar ludayi yana kwashe kumfa da dattin da ke tasowa. Ruwan da ya shiga kore-kore sai ya rinƙa kauri yana komawa ja, ƙamshinsa ya cika wurin har ya sa mutum ƙishirwa. Gwanintar duka tana ga sanin lokacin saukewa. Mai dafawar wani dattijo ne da hayaƙi ya rina wa idanu, ba ya duba agogo. Yakan ɗiga kaɗan a ruwan sanyi ya murza da yatsa, in ya ga ya kama sai ya ce a janye wuta. In an yi gaggawa ba za ta daskare ba, in an yi jinkiri ta ƙone ta yi ɗaci, aikin yini ya tafi a banza. Daga nan a tuƙa, a zuba a ƙananan kwanoni jere a ƙasa, ta sha iska, a kife. Dattijon ya ce a zamanin ƙuruciyarsa doki ne ke juya injin, a ɗaura masa dogon itace ya yi ta kewayawa tun safe, yaro na biye da shi da tsumagiya, kuma mahaifin Ɗan Birni yana cikin yaran da suka bi dokin. Yaron ya yi ƙoƙarin hango mahaifinsa, mai kanti mai tabarau, yana bin doki ba takalmi, abin ya ƙi zama masa a rai.

A kwana na huɗu mahaifin ya ce za a je Kudan. Suka nufi yamma. Can akwai wani tsoho, kawun mahaifin, wanda suka shige zaure da shi suka daɗe, aka bar yara a waje. Wani jikan gidan ya zaga da su lambuna, suka ga albasa da barkono da tumatir, sa'an nan ya kai su wani shinge inda aka kafa rumfuna, wani tsiro ya naɗe su. Ya ce inabi ne. Yaron bai yarda ba sai da ya ga nonnan 'ya'yan suna reto, don a saninsa inabi daga ƙasar waje yake zuwa cikin kwali. A 'yan shekarun nan kam sunan Kudan ya fita da noman inabi, har ana zuwa daga nesa a saya, amma a lokacin abin sabo ne a idonsa, ya ari wayar mahaifiyarsa ya ɗauki hoto don 'yan ajinsu. Da za su tafi, ya ji tsohon na ce wa mahaifin a bakin zaure, “Ni dai shaida ne ranar da aka raba, ba zan hana ka naka ba. Amma ka je ka gaya wa 'yar'uwarka da bakinka.” Bai kawo komai a ransa ba.

Bayan kwana biyu aka tafi Ikara, gabas, gidan gwaggonsa. Ikara garin tumatir ne, har gwamnatin jiha ta kafa masana'antar sarrafa shi a can tun 1981. Sai dai shekarar 2016 ba ta yi wa masu tumatir daɗi ba. A farkonta wata tsutsa da manoma suka sa wa suna sharon ta auka wa lambuna, tana shiga cikin ganye da 'ya'ya ta cinye daga ciki, feshi bai kashe ta ba, cikin 'yan kwanaki gona ta zama kamar an babbake. Abin ya kai har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir cikin watan Mayu, kuɗin kwando kuma ya yi tashin da matan birni suka koma miya da kauɗa. Mijin gwaggon yana cikin waɗanda abin ya shafa. Bashin taki da na mai bai gama biya ba. Ya zaga da yaron sabon dashen da ya yi, yana ɗaga ganye ɗaya-ɗaya yana leƙa ƙarƙashinsa kamar mai neman kunama.

Da suka dawo gida, yaron ya nufi randa zai sha ruwa, randar kuwa tana jikin ɗakin da mahaifinsa da gwaggo suke. Sai ya ji muryarta tana rawa. “Yaya, ko jingina ce ba za a yi ba? In Allah ya hore sai a fansa.” Mahaifin ya ce kuɗin jingina ba za su kai ko'ina ba. Ta ce, “Da bara ne, wallahi da mun saya, ba ta fita gida ba.” Yaron ya ajiye moɗa bai sha ba.

A daren, da suka koma ƙauye, ɗan baffansa ya fayyace masa abin da kowa a gidan ya sani ban da shi. Fadamar nan daga ɗinya zuwa suri sayar da ita aka zo yi. Zuwa Kudan da Ikara, da shi ya ɗauka yawon buɗe ido ne, bin dangi ne, domin ba a sayar da gadon gona sai an fara tayin 'yan'uwa. Haka al'ada ta tanada, fiƙihu ma ya san haƙƙin shufu'a. An taya wa baffa, ba shi da hali. An taya wa gwaggo, sharon ta riga ta cinye nata halin. Saura bare. Da ya tambayi me za a yi da kuɗin, ɗan'uwan ya dube shi da mamaki ya ce, “Au, ba kuɗin makarantarku ba ne?” Bai faɗa da gori ba, faɗar gaskiya ya yi, shi da ke zuwa makarantar gwamnati ta jeka-ka-dawo in aikin gona ya bar shi.

Ɗan Hausa ba ya tunkarar ubansa da irin wannan magana, sai ya bi ta wajen uwa. Da safe ya same ta tana tankaɗe, ya ce shi a mayar da shi makarantar gwamnati, a bar gonar. Ta ɗago ta ce, “Kul! Kada ka kuskura Babanku ya ji wannan.” Sa'an nan ta sassauta murya ta gaya masa abin da bai sani ba: ciniki ya tsaya a kanti tun da kaya suka yi tsada a shekarar, ana bin su kuɗin zango biyu, nasa da na ƙannensa, ga jarrabawar fita tana tafe. Ta ce ranar da aka rufe masaƙa, mahaifinsa ya ga masu takarda sun sami inda suka dafa, su masu aikin hannu aka bar su a bakin ƙofa, tun ran nan ya yi alkawari 'ya'yansa ba za su tsaya inda ya tsaya ba.

Mai karatu zai so ya san wa ke da gaskiya, abin kuwa ba ya yankuwa da sauƙi. Gonar da kakan ya noma shi kaɗai ta ciyar da gida guda, da aka raba ta tsakanin magada kowa ɗan yanki ya samu, wanda ba zai riƙe iyali ba. Rabon mahaifin bai taɓa kawo masa fiye da 'yan dammunan rake da buhun masara a shekara ba, don baffa ke nomawa aro. Ta wannan fuska, mai da ita karatun yara uku ba wauta ba ce. Amma fadama ba kamar tudu ba ce. Ita ce ke ba da amfani rani da damina, kuma wanda ya saki tasa da wuya ya sake samun wata, sai dai ya ga kuɗinta na hawa daga nesa. Wanda kuma aka fi cuta a cinikin ba shi da bakin magana, wato baffa, da zai wayi gari gonar da yake nomawa ta ragu, alhali ba ɗansa za a biya wa makaranta ba. Bai ce uffan ba. A kwanakin nan ya dage da saran raken da ke yankin, yana kai wa masu mazarƙwaila, don ya kwashe amfaninsa kafin ƙasar ta sauya hannu.

Ranar ciniki, bayan la'asar, aka hallara a fadamar: mai saye, wani ɗan kasuwar hatsi na yankin, da mai unguwa, da wakilin dagaci, da maƙwabtan gona na kowace kusurwa. Mahaifin ya waiwayo ya ce, “Zo nan, ka biyo ni.” Aka bi iyaka da ƙafa. Daga ɗinya aka miƙe gabas bisa layin gamba da kakan ya dasa, aka karya a bakin tsohuwar rijiya, aka bi ƙorama zuwa suri, aka dawo. A kowace kusurwa maƙwabci ya ce, “Haka ne, nan ne.” Mahaifin na tafe yana ambaton abubuwa, a nan aka taɓa kashe mesa, a nan ya yanke da lauje har ga tabon, kamar da mai saye yake, amma yaron ya lura duk lokacin da zai faɗa sai ya ɗan juyo wajensa.

Da aka zo rubuta takarda, wakilin dagaci ya rubuta tasa, ya ce a sami ɗan boko ya kwafi ta biyu don mai sayarwa. Ido ya koma kan Ɗan Birni. Aka ba shi biro, ya durƙusa ya ɗora takarda a cinya. Shekara goma yana makaranta, bai taɓa rubuta shafi guda da Hausa ba. Wakilin na karantawa yana bi. Ya rubuta kasa a maimakon ƙasa, ya rubuta dinya ba lanƙwasa, ɗan baffansa da ke tsaye a kansa ya sa yatsa ya nuna masa inda zai lanƙwasa kan harafin. Da aka zo “ya sayar, sayarwa ta har abada, ba jingina ba, ba aro ba”, hannunsa ya tsaya, sai da aka maimaita masa sau biyu. Shaidu suka sa hannu, masu dangwale suka dangwala, aka shafa fatiha. Mahaifin ya karɓi takardar ya duba rubutun ɗansa, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaba.

Kakar ba ta je fadama ba, ba ta kuma tambayi yadda aka ƙare ba. Ranar komawa ta kira shi ɗakinta, ta jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado, mazarƙwaila ce curi goma sha biyu a cikin tsumma mai tsabta. Ta ce, “Ungo, maigida. Kada ka rabar wa 'yan birni duka.” Ba ta faɗi raken da aka yi ta da shi ba, shi ma bai tambaya ba, don ya ga baffa na kai dammunan. A mota ƙannensa suka yi ta roƙo har ya ɓantara musu ɗaya. Mahaifin bai yi magana ba har Tashar Yari, inda ya ce wa direba ya tsaya, ya sayi rake sanda biyu a bakin titi kamar kowane matafiyi.

A makon farko na Janairun 2017 aka biya kuɗin makaranta gaba ɗaya. Malamar Turanci ta ba su aikin da ake bayarwa kowace shekara, kowa ya rubuta yadda ya yi hutunsa. Yaron ya cika shafi biyu da labarin inabin Kudan, da tumatirin Ikara, da dattijo mai dafa mazarƙwaila da dokin da babu shi yanzu. Malamar ta yaba, ta sa ya karanta a gaban aji, ɗan attajirin nan ma ya nemi a nuna masa hoton inabin. Bai sa fadamar a ciki ba.